Yadda Na Wanke Surukina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu aro, Shi kuma ya aiko aka karɓa. Surukina, mahaifin mai ɗakina, ya cika ranar Talata da hantsi a gidanmu na Itafajifi, bakin ruwan Bahiya, ƙasar da aka kawo mu bauta a hayin teku. Yau kwana arba'in. Don jikokinsa nake rubuta wannan, ko da yake ban san wanda zai karanta musu ba, tunda cikinsu babu mai iya haɗa baƙi biyu na rubutunmu. Ni ma karatuna bai yi nisa ba aka kamo ni. Inda na yi kuskure a gyara, a kuma yafe mini.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta gidan ya cika. Matan ƙabilar Nago, waɗanda mai ɗakina ke suyar ƙosai tare da su a unguwar Filurinyo, suka zube a tsakar gida suna kuka irin nasu, da waƙa a ciki, har ta fito ta roƙe su su sassauta. Abokan ƙaninta na coci suka tsaya a bakin ƙofa, huluna a hannu, sun zo da kyandir sun rasa inda za su ajiye. Tsofaffinmu na ƙasar Hausa da suka rage a garin nan, biyar ne suka zo, ɗaya ma ɗauko shi aka yi a kujera don ƙafa ta ƙi. Suka zauna a tabarma gindin mangwaro, ba wanda ya zubar da hawaye.

Babbansu makaho ne, aminin marigayi tun suna samari bayi a Itafuwa, suna yankan kitsen ƙaton kifin nan da ake ce wa baleya. Da na durƙusa gabansa, bai ce mini ya haƙuri ba. Sai ya lalubo hannuna ya kai hanci.

"Kafur," in ji shi. "Ashe kai ka yi masa wanka."

"Ni ne, Baba."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Kai? Uku?"

Sai tsofaffin nan suka kama dariya a gidan mutuwa, har mai kujera ya ƙware. Matan Nago suka daina kuka suna kallonsu. Ban ji haushi ba, don na san abin da suke wa dariya, kuma dole in faɗe shi kafin in ci gaba.

Ni mutum ne mai wasiwasi. In na ɗauki buta, sai in wanke hannu in ce ban wanke gwiwar hannu ba, in sake, in zo ƙafa in ce anya na shafi kai, in koma farko. Akwai ranar da na fara alwalar la'asar rana tana saman rufin maƙwabta, ban tayar da salla ba sai da ta faɗa ruwa. Kowa ya san ni da wannan. Surukina kuwa shi ke wanke duk Bahaushen da ya mutu a garin nan, shekara talatin ko fiye, kuma ba a taɓa jin ya sake wani abu sau biyu ba. Ɗinki ma haka yake yi, don tela ne bayan ya sami kansa daga bauta. In ya sa almakashi a yadi, ya sa ke nan.

Shi ya tsince ni. Ina cikin waɗanda jiragen bayi na ƙarshe suka kawo, aka sa ni ɗaukar kujerar da ake hawa da masu gari kan tudu. Wata rana ina hawan gangaren da ke zuwa Filurinyo, ina ƙirga takuna da ƙarfi don kada in faɗi, sai na ji wata murya daga wata rumfa ta ce, "Bayan sha tara ashirin ne, ɗan samari, ka tsallake." Na kusa sakin farar matar da ke cikin kujerar. Shekara biyu ban ji Hausa a bakin kowa ba. Tun daga ranar kullum sai ya ajiye mini tuwon rogo a ƙwarya, mu sa hannu tare. Da na sami kaina, shi ya ba ni ɗaki, daga baya ya ba ni 'yarsa.

Ranar da aka ɗaura auren na zo da la'asar na zauna kusa da ƙwarya yadda na saba. Sai ya janye ta.

"Daga yau ni surukinka ne," ya ce, yana kallon bango. "An raba mu da ƙasa, an canja mana suna a bakin jirgi. Kunya ce kaɗai ba su gane ba balle su ƙwace. Ba zan yar da ita da hannuna ba."

Maganar ƙarshe ke nan da ya yi mini kai tsaye har shekara ashirin da biyu. Gida ɗaya muke, taku goma tsakanin ɗakinsa da nawa. In na gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, idona a ƙasa. In yana da magana sai ya kira 'yarsa, ina zaune yana gani, ya ce, "Ke, gaya wa mijinki ruwan rijiyar nan ba shi kaɗai aka haƙa wa ba." In ta tafi talla, sai ya juya ga akuyar da ke ɗaure a turke. "Akuya, ki shaida wa mutumin can rana ta kusa faɗuwa, Allah kuma ba kurma ba ne, niyya ɗaya ta ishe Shi." Ni ma sai in ce, "Akuya, ki ce na ji, Allah ya ƙara girma." Ƙanin mai ɗakina, wanda a nan aka haife shi, kafinta ne kuma ɗan coci, yakan yi dariya har ya riƙe ciki. Yana cewa a gidanmu akuya ce alƙali.

Shekara huɗu da suka wuce na fara ganin jinin. A bayan gida, bayan ayaba, akwai wurin da maza ke kama ruwa a kan yashi. Wata safiya na shiga bayan ya fito, sai na ga yashin ya yi ja kamar an zubar da zoɓo, har da guda-guda. Sannan na sa ƙafa na tura yashi na rufe.

Wa zan gaya wa? Fitsarin suruki ba abin da baki ke ambata ba ne. Ba zan iya ce wa 'yarsa na ga abu kaza a bawalin mahaifinki ba. Ko akuyar ban iya gaya wa ba. Jinin yakan ɗauke wata biyu, uku, in ce Alhamdu lillahi ya wuce, sai ya dawo. Na shiga ɗebo yashi daga bakin ruwa a kwando ina zubawa. Ina kallonsa yana dafe kwiɓinsa na hagu in zai tashi, yana ramewa, zazzaɓi yana rufe shi da yamma. Ya daina ja mana salla ranar Juma'a, ya ce gwiwa ce. Na san ba gwiwa ba ce, tsarkinsa yake tsoro. Kullum sai in ce gobe zan sami hanyar faɗa, goben kuma sai in ɗauki kwando.

Da damina ta bana ta kama, sai wani ƙullutu ya fito masa a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Tsofaffi suka ce maƙoƙo ne, a gida mata da yawa suna da shi har su ga tattaɓa-kunne. Amma maƙoƙon da na sani taushi gare shi, kuma shekaru yake ɗauka. Wannan tauri gare shi kamar ƙwallon goruba, kuma cikin wata uku ya tashi daga girman gyaɗa ya kai lemo. Sau biyu yana farke wuyan rigarsa yana ƙara masa faɗi da kansa. Muryarsa ta dushe. Tuwo ya ƙi wucewa, aka koma kunu. An yi rubutu an sha, an shafa abin da matan Nago suka kawo, ƙullutun bai ko gezau ba.

Ɗansa, kafintan nan, shi ya kawo wani likita da ya taɓa yi wa aikin katako. Likitan ya taɓa wuyan, sai ya sa aka kwantar da shi, ya daɗe yana danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. Sannan ya yi tambaya da harshen masu garin, wanda duk muna ji: ko ya taɓa fitsarin jini? Surukina ya rufe ido. Mai ɗakina ta ce a'a, ɗansa ya ce a'a. Ni ina bakin ƙofa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Shekara huɗu ke nan."

Likitan ya ce ciwon ba a wuya ya fara ba. Sankara ce ta daɗe zaune a ƙoda, har ta yi girman da hannu ke jin ta daga waje. Daga can ta bi jini ta je ta yi sabon gida a ɗan naman da ke kwance gaban maƙogwaro, wanda in ya kumbura muke ce wa maƙoƙo. Shi ya sa ta ruɗe mu. Ya ce wuƙa ba ta da aiki a nan, kuma abin zai ci gaba da matse hanyar murya da ta numfashi. Ya bar wani ruwa a kwalba na rage zafi. Na bi shi har kan hanya na tambaye shi, da na yi magana tun ranar farko fa? Ya ce ko ranar farko aka kira shi, kwalbar nan ce dai zai bari. Na ji da kunnena. Har yau rabin zuciyata bai yarda ba.

Da na dawo mai ɗakina na jira na a tsakar gida. "Shekara huɗu kana jidar yashi, ni ina cewa Allah ya ba ni miji mai gyaran gida! Ubana ne fa, Malam. Kunyar taka ta fi ransa?" Kwana uku ba ta zuba mini ruwa a buta ba.

Rigimar da ta fi wannan da ɗansa aka yi ta. Ya zo ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba, mu faɗi gaskiya. Wa zai wanke ka? Abokinka ba ya gani, sauran ko ƙwarya ba sa iya ɗagawa. Yaya kuwa," ni ke nan, "kafin ya gama wanke hannunsa kai ka kumbura. Ka bar 'yan ƙungiyarmu ta coci su ɗauke ka. Za su sa maka doguwar riga mai ruwan ƙasa, a kunna kyandir, mutum ɗari su raka ka. Ba zan bari a ja ubana kamar wanda ba shi da kowa ba." Ba da mugunta ya faɗa ba, yana faɗa yana share ido. Surukina ya so ya daka masa tsawa, muryar ta ƙi fita, sai iska. Ya lalubo almakashinsa ya buga a ƙasa. Mai ɗakina ta kai kunne bakinsa, ta ɗago tana mamaki.

"Ya ce mu fita. Ya ce a kira mijina."

Na tsaya a bakin ƙofa na durƙusa. Ya yafito ni. Na matsa taku biyu. Ya sake yafitowa. Haka har sai da kunnena ya kusa taɓa leɓensa, don ba a jin sa in ba haka ba. Ranar na ga tsagen fuskarsa kusa, wanda rabona da shi shekara ashirin da biyu, na ga duk ya nutse cikin tamoji.

"Akuya ba ta jin raɗa," ya ce. "Dole in yi da kai."

Kwana tara yana koya mini, kaɗan-kaɗan bayan azahar, don in ya yi kalma goma sai ya huta. Ya sa na saro gangar ayaba na kwantar a kan tabarma, ita ce gawa. Yadda ake rufe tsiraici. Yadda ake danna ciki a hankali. Yadda ake naɗe hannu da tsumma a wanke ƙasa ba tare da an duba ba. Alwala, sannan kai, sannan dama, sannan hagu. Babu magarya a ƙasar nan, amma ya daɗe da gano wani icce da ake kawo ɓawonsa daga cikin daji, juwa suke ce masa, yana kumfa. Ya ce ƙanwar magarya ce, ta wadatar. Ruwan ƙarshe da kafur. Duk lokacin da na koma baya don in sake wani wuri, sai ya mintsine ni a cinya. Da sauran ƙarfi a yatsun nan na tela.

Rana ta shida ya jawo kunnena ya ce, "Jinin nan zai biyo ni. Ko ka gama wankan yana iya fitowa. Wurin kawai za ka wanke. Wanka ya riga ya yi."

"In na yi shakka fa, Baba?"

"Shakkar taka ce. Kada ka jiƙa ni saboda ita. Kai in an bar ka sai na narke."

Ya huta, numfashinsa yana fito. Sannan ya ce, "Na san mai zuba yashi."

Na so ƙasa ta tsage. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa da na faɗa, da na nemo magani. Ya mintsine ni.

"Ni ban da baki ne? Ni ma ban faɗa ba. Kullum ina fitowa ina jin taka a bayana. Mai wanka aikinsa ke nan, ya gani ya rufe. Ka yi shekara huɗu kana koyo ba ka sani ba."

Na tambaye shi, tunda mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, in wani ya zo koyo a wurina fa? Ya ce zancen jinin in faɗa, don a san hukuncinsa, sauran in bar wa Allah. Shi ya sa na rubuta wannan kaɗai, kuma ko shi ina rubutawa gabana yana faɗuwa.

Ranar Talata da hantsi numfashin ya tsaya, kansa a kan cinyar 'yarsa, ina maimaita masa kalmar shahada a kunne. Kafin azahar ɗansa ya iso da mutum biyu na ƙungiyarsu, da rigar nan mai ruwan ƙasa a naɗe a hammata. Ni da ko kare ya yi haushi sai na canja hanya, na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ni zan yi.

"Yaya, rana ake yi. Zafi ake yi. Ka san kanka."

"To shigo ka zuba mini ruwa, ka ƙirga. In na wuce uku, ku ɗauke shi."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Da na faɗe ta na so in maido ta. Ya dube ni, ya miƙa wa abokansa rigar, ya naɗe hannun tasa rigar ya shigo. Daga baya na tambayi Baba makaho ko ya halatta ɗan coci ya zuba ruwa. Ya ce ruwa ya zuba, niyya da hannu nawa ne, in daina neman abin da zai hana ni cin abinci.

Na yi na farko da ruwa zalla. Na yi na biyu da juwa. Da na zo wuyan na bi ƙullutun da tafin hannu a hankali, kamar har yanzu yana jin zafi. Ɗansa yana zubawa yana ƙirgawa da Hausarsa mai gurɓata, hawaye yana ɗiga cikin tulun. Na yi na uku da kafur. Muka tsane shi. Na juya zan ɗauko likkafanin da ya ɗinka wa kansa tun da daɗewa, da na waiwayo sai na ga ja ya ɓullo a farin zanen da ke rufe da shi, yana faɗi a hankali.

Abin nan da ke raɗa mini a bakin rijiya ya taso gaba ɗaya. Ya ɓaci. Duk ya ɓaci. Za ka kai shi gaban Ubangiji da najasa, mutumin da ya wanke kowa. Hannuna ya tafi wajen ƙwarya da kansa. Ɗansa ya ga jinin, ya ga hannuna, sai ya ɗaga tulun ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, in kana so ka sake, sake. Ba zan ƙirga ba. Ba wanda zai ɗauke shi."

Da ya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Yanzu ba abin da ya hana ni sai maganar mutumin da ke kwance. Na ji cinyata tana zafi daidai inda yake mintsina.

"A'a," na ce. "Ya ce wurin kawai."

Na naɗe hannuna da sabon tsumma, ya zuba kaɗan, na wanke wurin ba tare da na duba ba, na sa auduga, muka canja zanen. Muka sa shi a likkafani. Ɗansa ya fita ya sallami abokansa da rigarsu, ya ɗauko zarto. Dokar garin nan sai da akwati, shi kuwa ya ƙera shi matsattse mai zurfi, irin wanda ba a taɓa gani ba, don ubansa ya kwanta a gefen dama, fuska gabas. Baba makaho ya ja salla, mu biyar a bayansa. Mutum ɗarin da ɗansa ya so su ma sun zo, suka bi mu daga baya, kyandir a aljihu.

Mai ɗakina ta dawo zuba mini ruwa a buta. Alwalata har yau takan kai sau biyar, ban warke ba, kuma babu mai aiko mini da akuya. Wani lokaci ina tsakiyar cin abinci sai in ce anya na wanke bayan kunnensa na hagu a na biyu, in ajiye lomar. Jiya ƙanin mai ɗakina ya zo da gangar ayaba a kafaɗa ya jefar a tsakar gida. Bai bar cocinsa ba. Ya ce in nuna masa yadda ake naɗa tsumman, wai don ranar tawa kada a rasa mai ƙirga mini. Ban san hukuncin wannan ba, zan je Itafuwa in tambayi Baba makaho tun yana nan.

Allah ka jiƙan bawanKa da aka kawo nesa bai yar da abin da ya zo da shi ba. Ka buɗe masa maƙogwaro ranar tambaya, ka sa ciwon nan ya zame masa wankin zunubi. In akwai gibi a wankansa, daga gare ni yake, kada a tambaye shi. Sau uku na yi, yadda ya ce. Amin.